Yadda ake bin salsalar gida ta tsofaffin shari'un gado a Zariya

Gidan da aka zauna lafiya zamanin Turawa da wuya ya bar takarda. Wanda aka yi rigimar gona ko rabon gado har gaban alƙali, shi ne sunayensa suka shiga littafi. Saboda haka rigimar za ka bi.

Fara da tsofaffin gida, musamman gwaggo ko kaka, don mata sun fi riƙe wa ya auri wa. Kada ka tambaye su shekara, tambayi zamanin wane sarki. In aka ce na Aliyu Ɗan Sidi, ka san tsakanin 1903 da 1920 ne. In Ja'afaru ne, bai wuce 1959 ba. Rubuta sunan yanka da laƙabi duka, da unguwa, da ƙofar da ake fita zuwa gonar, Ƙofar Gayan ce ko Kuyambana.

Sai adaka da gafakar malaman gidan. Takardar rabon gado yawanci da Larabci ko ajami take, shekararta ta Hijira. 1350, alal misali, ta faɗo 1931 zuwa 1932. A nan za ka daɗe. Alƙali ba ya rabo sai an lissafo magada ɗaya bayan ɗaya, to sai ka ga matan da suka karɓi tumunin takaba, da 'ya'ya matan da aure ya kai wani gari aka manta da su. Lura da kalmar da aka kira gonar da ita: gado, saye, aro ko jingina. Sau da yawa rigimar daga aro ta taso, mai aro ya rasu 'ya'yansa suka ce tasu ce. Shaidu ma ka kwafe sunayensu, galibi maƙwabtan iyaka ne ko surukai.

Daga nan Kaduna, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, ka nemi fayilolin Lardin Zariya, masu lambar ZARPROF. Da sunan gunduma za ka bincika, ba na kakanka ba, kuma Bature yakan karkace rubutun suna. Leƙa Arewa House, cibiyar adana takardu da binciken tarihi da ke nan Kaduna, tunda ka zo.

Na ƙarshe ya fi nauyi: jikokin waɗanda aka yi shari'ar da su. Wataƙila takardar da ta ɓata a gidanku tana wajensu. Je da mai unguwa da ɗan goro, ka faɗa tun daga zaure cewa tarihi ya kawo ka, ba gona ba.