Daga rana zuwa kwan fitila: yadda ake lissafin sola na ƙaramin shago a Gombe

Mai shago ya sayi fanel mai wat 500, sai ya ɗauka wat 500 ɗin nan zai riƙa isa fankarsa da fitilarsa cif. A nan kuskuren yake farawa. Makamashi ba a ƙirƙirar sa kuma ba ya ɓacewa, kama kawai yake sauyawa, amma duk inda ya sauya sai wani kaso ya zama zafi ya bi iska. A sola, hasken rana ke zama lantarki a fanel, lantarki ya shiga batir ya kwanta a matsayin makamashin sinadari, ya sake fitowa lantarki, sannan ya ƙare a haske, ko motsin fanka, ko sautin rediyo. Ko madatsar Dadin Kowa mai megawat 40 a kan wannan ƙa'ida take tafiya: ruwan kogin Gongola da aka tare yana da makamashi saboda tsayinsa, idan ya gangaro ya zama motsi ya juya inji, janareta ya mai da shi lantarki. Kowace gaɓa tana cire kamashonta, kuma aikin mai lissafi shi ne ya san nawa kowace ke cirewa kafin a fitar da kuɗi.

Ka fara daga ƙarshen hanya, wato kayan da za su ci wutar. Wat yana nuna saurin cin wuta ne, wat-awa kuma adadin da aka ci. Ka ninka wat ɗin kowane kaya da awannin da yake aiki. Ga shagon cajin waya da kayan masarufi: kwan LED 4 masu wat 9 na awa 5 sun ci wat-awa 180. Fankar tsaye mai wat 50 ta awa 8, 400. Wayoyi 20, kowace a ba ta wat-awa 15, sun zama 300. Talabijin mai wat 60 na awa 4, 240. Jimla 1,120, wato ɗan fiye da yunit ɗaya na mitar kamfanin wuta na JED, tunda yunit ɗaya wat-awa 1,000 ne.

Kafin ka rufe wannan lissafi, cire duk abin da aikinsa samar da zafi ne. Lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar jul 4,200 (jul ƙaramin ma'aunin makamashi ne) kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya. Daga digiri 25 zuwa tafasa, jul 315,000 ke nan, kimanin wat-awa 88. Ɗaga lita 1,000 zuwa tankin da ke sama da mita 10 kuwa jul 98,000 ne kacal, wat-awa 27, ko a ce 60 idan an haɗa da asarar famfo. Wato tafasa ruwan shayi buta ɗaya ya fi cika tanki cin wuta. Shi ya sa hita da dutsen guga mai wat 1,000 ke durƙusar da ƙaramar sola, alhali fanka tana wuni tana juyawa ba a ji komai ba. Tsohon kwan nan mai zare shi ma hita ne a fakaice: kusan kashi 95 cikin 100 na wutarsa zafi ne, kuma LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon kwai mai wat 60. A dafa ruwa da gas ko gawayi, a bar wa batir haske da iska.

Daga nan sai inbata, wadda ke juya bolt 12 na batir zuwa bolt 230 (bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta). Mai kyau tana miƙa kimanin kashi 90 cikin 100, don haka raba 1,120 da 0.9, ka sami kusan 1,245. Akwai kuma cin da take yi don kanta muddin tana kunne, ko da ba a jona komai ba. Idan wat 20 ne, awa 12 sun zama 240. Mu ce 1,500 gaba ɗaya. Mutane suna son sayen ƙatuwar inbata mai wat 3,000 don gaba, amma girmanta girman cinta ne. Wannan shago mai wat 1,000 ta ishe shi, sai fa idan firiza za ta shigo, domin kwamfiresa tana fizgar ninki uku zuwa biyar na wutarta a daidai lokacin tashi.

Batir ne wurin da kuɗi suka fi salwanta. Amf shi ne yawan wutar da ke gudana a wayar wuta. Batir mai bolt 12 da amf-awa 200 yana ɗauke da 12 sau 200, wato wat-awa 2,400, a rubuce, amma idan na ruwa ne, irin mai darma da asid, rabi kawai ake taɓawa, wato 1,200. Idan daga cikin 1,500 ɗin nan shagon yana cin 1,000 bayan faɗuwar rana, 500 da rana, batir ɗaya ya ishe shi, da ɗan rara kaɗan. Dalilin barin rabin nan sinadari ne. Yayin da batir ke ba da wuta, wani farin gishirin darma yana taruwa a kan farantansa, caji kuma ya narkar da shi. Idan aka zuƙe batir ƙarƙaf aka bar shi kwanaki bai cika ba, gishirin ya daskare, caji ba ya iya narkar da shi kuma. Irin wannan batir ne za ka ga ya nuna ya cika cikin awa ɗaya, ya kuma faɗi kafin lisha.

Mita ta hannu ita ke faɗin gaskiya. Ka cire kaya, ka bar batir ya huta kamar awa ɗaya, sannan ka auna: bolt 12.7 ya cika, 12.1 zuwa 12.2 rabi ne, ƙasa da 11.9 an zalunce shi. Ka riƙa duba ruwansa duk wata, ka ƙara tataccen ruwan batir kaɗai. Ruwan rijiya ko na leda yana da gishirin da ke ɓata faranti, asid kuwa ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke tafiya, asid yana nan. Kada a kulle batir a akwati marar iska, saboda yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, ƙyasta ashana ɗaya ta isa. Zafi ma abokin gaba ne: duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage kwanan batirin darma da kusan rabi, kuma a Maris da Afrilu Gombe kan taɓa digiri 40. A ajiye shi ƙasa-ƙasa a kan katako, a ɓangaren shagon da rana ba ta dukan bango. Wanda aljihunsa ya iya, batirin litiyam ya fi: ana iya shan kashi 80 zuwa 90 nasa, yana kuma mayar da kusan kashi 95 na abin da aka zuba masa, na darma kuwa wajen 80.

Wannan 80 ɗin ya shiga lissafin fanel. Don a fitar da 1,000 da dare, sai an zuba 1,250 da rana. Ƙara 500 na cin rana, buƙata ta zama 1,750.

Da tsakar rana mai haske, kowace murabba'in mita tana samun kimanin wat 1,000 na hasken rana, fanel ya mai da wajen kashi 20 lantarki, mafi yawan sauran ya zafafa shi. Lambar da aka rubuta a bayansa an auna ta ne a digiri 25, alhali a kan kwano yana kai 60, kuma kowane digiri na ƙari yana cire kusan kashi 0.4. Kashi 14 ya tafi ke nan. Ƙurar hunturu ta ci nata, wayar wuta da kwantirola, wato na'urar da ke daidaita cajin batir daga fanel, su ci nasu. Don haka a ɗauki awa 5 na cikakkiyar rana a ninka da 0.75, kowane wat na fanel zai ba da wat-awa 3.75 a wuni. Raba 1,750 da 3.75, ka sami 467. Sayi 500 ko 550, domin hadarin Agusta.

Gombe tana kimanin digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, don haka fanel ya fuskanci kudu, a karkace digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai wanke shi. A bar tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsa da kwano iska ta ratsa. A kula da inuwar tanki ko reshen dogonyaro, domin ƙwayoyin fanel a jere aka haɗa su, inuwa a kan kaɗan tana shaƙe layin duka. Lokacin hazo a goge shi da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Kwantirola iri biyu ce, PWM da MPPT. PWM tana jawo fanel mai bolt 18 ƙasa zuwa bolt ɗin batir, a yi asarar kusan rubu'i, kuma sam ba ta dace da babban fanel mai wat 550 da ke kai bolt 50 ba. Wannan sai MPPT mai amf 40, wadda ke mai da rarar bolt zuwa ƙarin amf.

Waya kuma ita ce abin da ake rainawa. Zafin da take yi yana bin amf ninki-ba-ninki: amf ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Amf 20 a cikin mita 10, zuwa da dawowa, na waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 yana ƙona wat 46. A mai kauri 6, wat 12 ne. Tsakanin kwantirola da batir a sa mai 10, tsakanin batir da inbata mai wat 1,000 a sa mai 25, gajeriya ƙasa da mita 1.5, domin amf a nan yana haura 90. A kankare bakin wayar da wuƙa kafin a biya, idan cikinta ya fito fari to alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe.

Wajen haɗawa, fiyus ya zauna kusa da jan kan batir. A jona batir da kwantirola tukuna, ta gane bolt ɗinsa, sannan fanel. Wajen kwancewa fanel ake fara cirewa. Inbata kai tsaye take shan wuta daga batir, ba ta bakin kwantirola ba. Bayan an kunna komai na rabin awa, a bi wayoyin ɓangaren batir da bayan hannu ta kan robarsu. Duk mahaɗar da ta yi ɗumi, ko noti bai ɗauru ba ko wayar ta yi siriri, a kashe a gyara nan take.