Canza allon sarrafa tashi tsakanin ƙananan jirage marasa matuƙi masu farfela huɗu

Kafin ka kunna ƙarfen soda, ka sani cewa allon, wato faifan lantarkin da ke sarrafa tashin jirgin, da rimot ɗinsa tare suke tafiya. Misali, allon jirgi samfurin Syma X5C ba ya jin rimot ɗin samfurin Hubsan X4, don haka in ka ɗauko allo, ɗauko rimot ɗinsa.

Duba batir: yawancinsu sel ɗaya ne, volt 3.7. Sannan motoci, wato ƙananan injinan da ke juya farfela. Allon da aka yi wa motoci masu kaurin milimita 6 na iya ƙonewa in ka jona masa na milimita 8.5, domin ƙananan transisto ɗinsa ba sa ɗaukar wutar.

Ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire su. A bisa al'ada, mota mai waya ja da shuɗi tana juyawa irin ta agogo, mai fari da baƙi kuwa akasin haka. Motoci biyu da ke kusurwoyi masu fuskantar juna hanya ɗaya suke bi. Gaban allon ya kalli gaban jirgin.

In jirgin ya kifa da zarar ya ɗaga, kusan kullum mota ce ta shiga gurbin da ba nata ba, ko an musanya farfela A da B (iri biyu masu juyawa akasin juna). In yana zamewa gefe, ajiye shi a ƙasa mai daidai, ka sake saita gyro, wato na'urar da ke gane karkatar jirgin, da sandunan rimot. Karkarwa kuwa, girgizar motoci ce ke isa ga allon. Liƙa shi da tef mai soso, kada ka matse shi da sukurori. In har yanzu yana lilo, wataƙila an daidaita allon ne da nauyin wani jirgin daban, sai ka gwada ƙaramin batir mara nauyi.