Ɗaukar hoton tsuntsaye a fadamun Hadejia da Nguru lokacin hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fadamun Hadejia da Nguru kan cika da baƙin tsuntsaye da suka tsallako Sahara daga Turai, ga kuma 'yan gida irin su balbela, zalɓe, kirinjijiya da jinjimi. Tun 2000 tafkin Nguru ke cikin jerin muhimman dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona kuwa a Yobe an keɓe ta don tsuntsayen ruwa. Sai dai wannan lokaci shi ne na hazo da ƙura, abubuwan da suka fi wahalar da kyamara.

Ka isa bakin ruwa tun kafin fitowar rana, domin aikin duka na awa biyun farko ne. Da hantsi ya yi, zafi kan tashi daga ƙasa ya sa iska rawa, hoton abin da ke nesa ya fito dishi-dishi komai tsadar gilashin kyamararka (lens). Rana ta kasance a bayanka. Ka durƙusa har kyamara ta yi daidai da idon tsuntsun. Hoton da aka ɗauka a tsaye gadon bayansa kawai yake nunawa.

Gilashin da ƙarfin jawo nesansa bai kai 400mm ba zai sa ka riƙa matsawa har tsuntsun ya tashi. Saurin shota, wato ƙiftawar kyamara, kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa ga mai kiwo a ruwa, 1/2000 ga mai shawagi. Ƙofar haske f/6.3 zuwa f/8, ISO kuma, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a bar wa kyamara ta zaɓa har 3200. 'Yan ɗige-ɗigen ISO ana rage su a kwamfuta, amma hoton da ya girgiza ya tafi ke nan. A cikin kwalekwale, maɗorar kyamara mai ƙafa uku ba ta da amfani, don motsin ruwa take kawowa. Ka riƙe da hannu, gwiwoyin hannunka manne da haƙarƙari.

Balbela na yaudarar kyamara. Idan tana gaban ciyawar kachalla mai duhu, na'urar kan ƙara haske har farin gashin ya ƙone, ba a ganin ko zare ɗaya. Rage hasken da -0.7 ko -1, sannan ka duba allon.

Ƙura kuwa, kada ka taɓa sauya gilashi a fili. Ɗaura wanda za ka yi aiki da shi tun a ɗaki. In ya zama dole, kashe kyamarar, juya bakinta ƙasa, ka yi sauri. Don gano ko ta shiga, sa ƙofar haske a f/16 ka ɗauki sararin sama: baƙin tabon da ke wuri ɗaya a kowane hoto yana kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara. Robar hura iska ce maganinsa, ba baki ba, saboda yawu. Kada ka goge gilashi da gefen riga. Ƙurar hunturu na da kaifi, karce za ta bari. Hura tukuna, sai burushi mai laushi, sai ƙyallen gilashi. Tabon da ya ƙi fita a kai wa mai gyara.

Tsuntsun da ya daina kiwo ya miƙe wuya yana kallonka, ka matsa da yawa; ja baya. Baƙin nan kitse suke tarawa don sake ƙetare hamada a watan Maris, kuma duk tashin da aka sa su yi a banza daga wannan guzuri ake cirewa. Saboda haka babu jifa ko tafi don a samu hoton tashi, babu kunna kukan tsuntsu a waya, babu jirgi maras matuƙi a kan garke. In ka ci karo da sheƙa, kada ka sare reshen da ya rufe ta, kada kuma ka bayyana wurin a Facebook. Cire bayanan GPS daga hoton kafin ka ɗora. Ka nemi izinin ma'aikatan gandun Dagona kafin ka shiga, ka ɗauki ɗan jagora daga masuntan yankin, ka biya shi haƙƙinsa yadda kuka yi ciniki.