Yadda Za Ka Hau Jirgin Sama da Lasifika Mai Caji

Kamfanonin jiragen sama ba ruwansu da ƙarar lasifikarka ko sunan kamfanin da ya ƙera ta. Batirin da ke cikinta suke dubawa: wane iri ne, yaya girmansa, kuma a ina za ka ajiye shi. Idan ka san waɗannan uku tun kana gida, da wuya a tsayar da kai a filin jirgi.

Fara da juya lasifikar ka duba ƙasanta ko bayanta, ko ka buɗe 'yar takardar da ta zo cikin kwali. Adadin da kake nema shi ne wanda ke da Wh a gabansa, wato yawan wutar da batirin ke iya ɗauka. Kada ka ruɗe da babban rubutun da ke jikin kwali, irin 40W ko 800W. Wannan ƙarfin sauti ne, sau da yawa ma cika baki ne na talla, kuma ba shi da alaƙa da dokar jirgi.

Idan ba a rubuta Wh ba, za ka ga adadi biyu: mai V, wato ƙarfin wutar batirin, da mai mAh, wato yawan cajin da yake ɗauka. Ka ninka su, ka raba da 1,000. Alal misali, lasifikar JBL Charge 5 tana da 7,500mAh a kan 3.6V, ya ba da 27Wh. Flip 6 tana da 4,800mAh a kan 3.6V, 17Wh da 'yan kai ke nan. Boombox 3 kuwa 10,000mAh ce, amma a kan 7.26V, saboda haka ta kai 72.6Wh. A nan mutane ke yawan kuskure. Sai su ɗauka duk abin da aka rubuta wa 10,000mAh daidai yake da fawa-bankin aljihunsu, alhali fawa-banki mai wannan adadi a kan 3.7V bai wuce 37Wh ba. Manyan lasifikoki kan jera batura biyu ko fiye a layi ɗaya, V ɗin ya ƙaru, saboda haka mAh shi kaɗai ba ya nuna komai.

Ƙa'idar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta shimfiɗa, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA kuma take bi, ta kasa batirin litiyam mai caji gida uku. Wanda bai wuce 100Wh ba, za ka wuce da shi ba tare da neman izini ba. Daga nan zuwa 160Wh sai kamfanin jirgin ya amince, kuma a nemi amincewar kwanaki kafin tafiya, a rubuce, ba a gaban teburin awo ba. Wanda ya haura 160Wh ba ya shiga kayan fasinja ko ta wace hanya, sai dai a aika shi a matsayin kago, wato kayan da ake aikawa daban ba tare da fasinja ba. Kusan duk lasifikar da mutum zai ɗaga da hannu ɗaya tana gida na farko.

Akwai wata irin lasifika da ta cika kasuwanninmu, mai taya da mariƙi, wadda masu wa'azi, masu tallar magani da masu taron biki ke ja. Da yawa daga cikinsu ba litiyam ke ciki ba, batirin dalma ne rufaffe, irin na fitilar caji da ƙananan injinan UPS masu riƙe wuta idan an ɗauke lantarki. Dokarsa daban ce: dole ya kasance wanda ruwansa ba ya zuba, kada ya wuce 12V, kada kuma ya wuce 100Wh. Mai 12V 4.5Ah yana ba da 54Wh, mai 12V 7Ah 84Wh, duk sun tsallake. Mai 12V 9Ah ya kai 108Wh, ya faɗi, kuma a wannan nau'in babu wani mataki na 160Wh da za ka roƙi izini a kai. Mafita mai sauƙi ita ce ka kwance sukurorin murfin baya, ka zare wayoyin nan biyu, ja da baƙa, ka naɗe bakinsu da salatif, ka bar batirin a gida. Nauyi ma ya ragu da kilo biyu ko fiye, kuma irin wannan batir ana samunsa a kowace babbar kasuwar kayan lantarki idan ka sauka.

Sai batun wurin ajiya. A dokance, na'urar da batirinta ke maƙale a ciki tana iya bin kayan awo zuwa ƙasan jirgi, amma shawarar IATA ita ce ta zauna a jakar hannu, kuma akwai kamfanonin da suka mayar da shawarar doka. Dalilin yana cikin yadda batirin litiyam ke kamawa da wuta. A cikin kowane ƙwayar batir akwai wata siririyar fata da ta raba ɓangarori biyu. Idan aka matse ta, ko ta huje, ko zafi ya narkar da ita, sai wuta ta haɗu a ciki, ƙwayar ta yi ta ƙara zafi da kanta, ta fitar da iskar gas mai kamawa, ta kunna ta kusa da ita. Iskar kashe gobara da ke ɗakin kaya na ƙasan jirgi tana iya danne harshen wuta, amma ba ta sanyaya batirin, saboda haka yana iya sake tashi. A sama kuwa, ma'aikatan jirgi za su ga hayaƙi da wuri, su kashe wutar, su yi ta zuba ruwa har ya huce. Gobarar jirgin kamfanin aika kaya na UPS da ya faɗi a Dubai a Satumban 2010 tana cikin abubuwan da suka sa aka tsaurara, kuma daga 1 ga Afrilu 2016 ICAO ta hana ɗora batura na litiyam masu caji su kaɗai a matsayin kago cikin jirgin fasinja.

Saboda haka idan lasifikar za ta shiga jakar hannu, can za ta shiga. Matsalar dai nauyi ce. Ethiopian da Emirates suna ba fasinjan gama-gari kilo 7, Turkish kilo 8. Boombox 3 ita kaɗai kilo 6.7 ce, ba ta bar maka wurin ko takalmi ba. Irin wannan dole ta bi awo, kuma a nan ake buƙatar shiri.

Kashe ta gaba ɗaya, ka ga fitilarta ta mutu, ba ka bar ta ta yi barci da kanta ba. Sannan ka hana maɓallin kunnawa dannuwa: yanka kwali mai kauri, huda rami daidai maɓallin, ɗora a kai, naɗe da salatif. Lasifikar da ta kunnu cikin akwati za ta yi ta neman waya tana ɗaukar zafi tsakanin tufafi, idan kuma ma'aikata suka ji ƙara daga cikin jaka, sauke ta za su yi. Idan kana da kwalinta na asali da farin soson ciki, babu abin da ya fi shi. Idan babu, akwati mai tauri za ka nema, ba jakar Ghana-must-go ba, ka sa ta a tsakiya, tufafi su kewaye ta ta ko'ina da kaurin yatsu huɗu. Ka rufe ragar gaba da faifan robar da ke gefe da guntun kwali, domin su ne ke fara lotsewa. Kada ka ajiye ta kusa da kwalbar turare, almakashi ko kan caja mai ƙafa uku. Idan batirin irin mai zarewa ne, zare shi ka tafi da shi sama, gangar jikin ta bi awo. Ka faɗa wa ma'aikacin awo abin da ke ciki da Wh ɗinsa, tun kafin a kira sunanka ana shirin shiga jirgi a ce ka zo ka buɗe jaka.

Batir da ba ya cikin na'ura, da kuma fawa-banki, ba sa bin awo ko kaɗan. Jakar hannu kawai, kowanne a ledarsa, an rufe bakin ƙarfensa da salatif don kada makulli ko kwabo su haɗa wuta. Masu tsakanin 100 da 160Wh guda biyu kawai ake yarda. Lasifikar da ke iya yi wa waya caji, irin Charge 5, a ƙa'ida lasifika ce, tunda ba caji ne babban aikinta ba, amma wani jami'in zai iya lissafa ta da fawa-banki. Riƙe ta a hannu ka huta da gardama. Tun gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a filin jirgin Gimhae na Koriya ta Kudu a Janairun 2025, kamfanoni suka ƙara matsawa. Emirates ta hana amfani da fawa-banki cikin jirgi daga 1 ga Oktoba 2025, China kuma tun 28 ga Yunin shekarar ta hana hawa jiragen cikin gida da wanda ba shi da tambarin 3C, wato shaidar ingancin kaya ta ƙasar. 'Yan kasuwar da ke sauka Guangzhou su sake hawa zuwa wani gari su lura da wannan. Shafin kamfanin jirginka ne alƙali, kuma idan za ka canja jirgi a hanya, na kowanne za ka duba.

A wurin bincike, fito da lasifikar ka sa ta cikin tire ita kaɗai. A allon na'ura, maganaɗisu da batir da wayoyi a dunƙule suna fitowa baƙi ƙirin, abin da ke sa a ja jaka gefe ke nan. Ana iya cewa ka kunna ta, saboda haka kada ka taho da ita ba caji sam. Kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari ya isa, kuma batirin da bai cika maƙil ba, haɗarinsa ya fi ƙanƙanta idan ya samu matsala. Ajiye hoton rubutun Wh ko shafin bayanin kamfanin a wayarka. Lasifikar da ba ta da suna ba ta da rubutu, jami'i na da ikon ƙin ta, tunda ba zai iya tabbatar da girman batirin ba. Wadda jikinta ya kumbura, ko take zafi fiye da kima lokacin caji, ko wani mai gyara ya ɗaura mata batura da salatif, kada ma ka je da ita.

Wani abin da ke kama mutane shi ne ƙananan jirage na cikin gida, inda ake karɓar jakar hannu a gindin matakala a sa ta ƙasa saboda ba wuri. Kafin ka miƙa, cire fawa-banki, batura da ƙaramar lasifikar. A cikin jirgi ta zauna a kashe, kada ka jona ta a caji, kuma ƙarƙashin kujerar gabanka ya fi akwatin sama, inda ba wanda zai ga hayaƙi sai ya yi yawa. Idan ka ji zafi, ƙauri ko wani huci daga jikinta, kira ma'aikaci nan take, kada ka lulluɓe ta da bargo ko ka cusa ta cikin jaka. Lasifika mai hana ruwa shiga tana iya sauka ka ga faifan gefenta ya turo waje ko ya shige ciki saboda sauyin matsin iska. Yawanci yana komawa daidai da kansa bayan ɗan lokaci, buɗe murfin robar wurin caji kan taimaka.

Mai sayo lasifikoki don sayarwa lissafinsa daban ne. IATA ta ƙayyade na'urori 15 da batura 20 ga fasinja ɗaya, kuma sassaucin duka an yi shi ne don kayan amfanin kai. Guda goma iri ɗaya cikin kwalayensu haja ce a idon kamfanin jirgi da na kwastan. Irin wannan sai ta hannun wakilin kago, a ƙarƙashin lambar UN3481 ta batirin litiyam da ke cikin na'ura, da tambarin batir a jikin kowane kwali, sannan ka nemi takardar gwajin UN38.3 daga wanda ya sayar maka tun kafin ka biya kuɗin kayan.