Babban babur na dogon zango a ƙasar Damagaram: inda yake iyawa da inda rairayi ke kayar da shi

Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin manyan baburan nan masu dogayen ƙafafu, waɗanda kamfanoni ke liƙa wa sunan Adventure, sai ya ɗauka ba dajin da zai gagare shi. Hotunan tallarsu ma kullum a kan tudun rairayi ake ɗaukarsu. Gaskiyar magana a taƙaice ita ce: a kan kwaltar da ta farfashe da hanyar burji ba kamarsu, amma a rairayi mai zurfi ƙaramin babur ɗin ɗan kabu-kabu yakan wuce su ya bar su suna haƙa rami. Dalilin kuwa nauyi ne.

Asalin waɗannan babura yana da alaƙa da ƙasarmu. Tseren Paris–Dakar na farko, wanda aka kammala a 1979, ya ratsa Nijar, kuma Cyril Neveu ne ya ci shi a kan Yamaha XT500, babur mai silinda ɗaya wanda nauyinsa bai wuce kilo 150 da ƴan kai ba. A 1980 BMW ya fitar da R80 G/S mai kilo 186. A 1983 Yamaha ya fitar da XT600Z, ya raɗa masa sunan Ténéré, hamadarmu ta gabas da Agadas. Daga nan suka yi ta ƙara ƙiba. BMW R 1250 GS kilo 249 ne da mai a tanki, ɗan'uwansa GS Adventure mai tankin lita 30 kilo 268. Honda Africa Twin 1100 yana wajen kilo 226 zuwa sama, Yamaha Ténéré 700 kuma kilo 205 ko kusa da haka. Su kuwa masu tseren Dakar sun koma baya: tun 2011 injin baburansu ba ya wuce cc 450. Kama da wane ba ta wane. Ka ɗora kaya kilo 30 da jarkar ruwa a kan GS, ka ga kana riƙe da abin da ya kai buhu uku na gero masu kilo ɗari-ɗari, a kan taya biyu.

Wace hanya za ka bi?

A nan ya kamata mai saye ya fara, tun bai tambayi farashi ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne na kwalta, zuwa Agadas ta Tanut da Adarbisanat wajen 450. A irin wannan tafiya babban babur yana biyan kuɗinsa: tanki babba, kujera mai faɗi, gilashin tare iska, da shokozoba mai haɗiye ramuka. A hanyar burji mai gargada ma haka, domin nauyin nan da kansa yakan kwantar da babur. Wahalar tana farawa ne inda burji ya ƙare aka shiga hanyar amalanke, irin ta ƙauyukan Damagaram Takaya, ko arewacin Gure wajen Kelle da Taskar, ko tuddan da ke kewaye da kwarin Gidimuni. Can rairayi ne mai laushi, shanu da amalanke sun tona shi sun bar layi biyu masu zurfi. Wanda yawancin tafiyarsa can take, ya nemi babur ɗin da bai wuce kilo 170 ba: Yamaha AG200 ko DT125 da ma'aikatan karkara suka daɗe suna hawa, ko Honda CRF300L mai kilo 142, ko Suzuki DR650 mai kilo 166.

Kafin ka biya kuɗi

Dubi wilin gaba. Mai inci 21 shi ne na daji, domin yana hawa kan rami da dutse maimakon ya dake su, kuma ba ya saurin karkacewa a rairayi. Africa Twin da Ténéré 700 suna da 21 a gaba, 18 a baya. GS yana da 19 da 17, wato ya fi karkata ga kwalta. Wilin ya zama mai sifok: na zubi idan ya daki dutse yakan tsage, mai sifok kuwa lanƙwasa yake yi, bakanike ya miƙe shi. Tsakanin cikin injin da ƙasa kada ya gaza santimita 22, shokozoba kuma ta iya nutsawa santimita 20 ko fiye. A ƙarƙashin injin a sami farantin alminiyo mai kauri. Wanda ya san duwatsun da ke kewaye da unguwar Birni ta Damagaram ya san dalili, dutse guda ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai.

Sai gwajin da ya fi duk waɗannan. Ka kwantar da babur a ƙasa mai taushi, ka tayar da shi kai kaɗai, sau uku a jere. Idan na ukun ya gagare ka da safe kana da ƙarfinka, to da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, na farkon ma ba zai yiwu ba.

Taya da iska

Tayar da babur yake zuwa da ita daga kamfani galibi ta kwalta ce da aka yi wa ɗan zane. Rairayi yana son mai manyan haƙora masu tazara. Sai dai ka sani kwalta mai zafi tana cinye ta da wuri, ta baya musamman.

Iska ce rabin aikin. A kwalta ka bi abin da littafin babur ya ce, yawanci 2.2 zuwa 2.5 a gaba a ma'aunin iska da ake kira bar, baya ya ɗan fi. A burji ka sauke zuwa 1.8 ko 2. A rairayi mai zurfi ka kai 1.3 zuwa 1.5, domin taya ta baje ta hau kan rairayin maimakon ta yanka shi. Ƙananan babura suna sauka ƙasa da haka, amma kada ka yi koyi da su. Babban babur yana da ƙarfin da zai juya ƙarfen wili a cikin taya ya tsinke bawul ɗin tiyub, kuma idan ka daki dutse da iska kaɗan, wilin zai lanƙwashe ko ya tsinke tiyub a wuri biyu. Da zarar ka dawo kwalta ka mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta lalace. Saboda haka geji da ƙaramin famfo ba sa barin jakarka.

Kaya kuwa a sa su cikin jakunkuna masu laushi, a ɗaure ƙasa-ƙasa kusa da tsakiyar babur. Akwatunan alminiyo na gefe suna da kyan gani, amma idan ka sauke ƙafa a rairayi babur yana tafiya, akwatin yakan kamo ƙafar ta baya ya danne, ƙwauri ya karye. Akwatin da ke can saman baya kuma shi ke sa kan babur rawa.

Yadda ake tafiya a rairayi

Tun kana kan ƙasa mai tauri ka tsaya ka kashe na'urar da ke hana tayar baya sulɓi. Ita aikinta rage wuta duk lokacin da taya ta juya a banza, a rairayi kuwa taya dole ta juya a banza kafin ta tura. Idan ka bar ta a kunne, za ta yanke maka wuta daidai lokacin da kake buƙatarta, babur ya tsaya cak ya nutse. Ka kashe ABS na baya, wato na'urar da ke hana birki kulle taya, idan babur ɗin ya yarda. Yawancinsu suna mayar da waɗannan na'urori duk sanda aka kashe makulli aka kunna, don haka a riƙa dubawa.

Ka miƙe tsaye a kan matakan ƙafa, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe suna matse tanki, ɗuwawu ya koma baya. Nufin shi ne gaba ya yi sauƙi ya yi iyo a kan rairayi. Ka shiga da giya ta biyu ko ta uku, ka riƙe totur daidai ba tare da saki ba. Kan babur zai yi ta kaɗawa hagu da dama, kada ka yi kokawa da shi, ka sassauta hannu ka bar shi ya nemo hanyarsa. Juyawa da ƙafa ake yi, ka danna matakin ɓangaren da kake son nufa. Idonka ya kasance can nesa inda kake son fita, domin wanda ya zuba wa itace ido, itacen zai je ya runguma.

Kuskuren da ke kayar da kusan kowa ɗaya ne. Babur ya fara rawa, tsoro ya kama mutum, ya saki totur ko ya taɓa birkin gaba. Nan take nauyi ya koma gaba, tayar gaba ta nutse ta karkace, mutum ya wuce ta saman kai. Maganin rawar shi ne ƙara wuta kaɗan, abin da zuciya ba ta so. A nan ne kuma girman babur yake zama matsala ta biyu: saurin da mai kilo 250 yake buƙata kafin ya taso saman rairayi ya fi na mai kilo 120, faɗuwa a wannan saurin kuwa ba wasa ba ce, ga asibiti da nisa. A hanyar amalanke ka zaɓi layi ɗaya ka zauna cikinsa. Idan dole ka ƙetara zuwa ɗayan, ka yanke shi kai tsaye da wuta, kada ka bi shi a karkace. Tsayawa kuma a neme ta inda ƙasa take da tauri ko inda gaban babur ke kallon gangara. Da sassafe rairayi ya fi riƙe taya saboda sanyin dare, bayan ruwan sama kuma ya fi kowane lokaci daɗin bi.

Idan ya kafe ko ya faɗi

Da ka ji tayar baya tana nutsewa babur ba ya gaba, ka saki totur. Ci gaba da murɗawa rami yake ƙara haƙawa, riƙe kuloci rabi-rabi kuma yana ƙona farantansa cikin ƴan mintoci, za ka ji ƙauri. Ka sauka, ka kwance kaya, ka kwantar da babur a gefensa har tayar ta fito daga ramin, ka tura rairayi da ƙafa ka cike shi, sannan ka tayar. Ka tsaya a gefensa, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci gaba ɗaya kana turawa, sai ya kai wuri mai tauri ka hau.

Wajen tayarwa, a kashe injin a bar shi cikin giya don kada ya gangara. Idan ta dama ya faɗi, a fara buɗe ƙafar jinginarsa domin kada ya zarce ya faɗa ɗaya gefen. Ka juya masa baya, ƙugunka a jikin kujera, hannu ɗaya riƙe da hannun babur na ɓangaren da ke ƙasa, ɗayan a ƙarfen baya, ka tura da cinyoyi kana ja da baya taku-taku. Da ƙafa ake ɗagawa, wanda ya sa gadon bayansa zai yi jinya.

Ƙura, mai da ƙaya

Ƙurar hunturu tana da laushi kamar gari, kuma ita ke cin injin a ɓoye. A duba matatar iska bayan kowace doguwar tafiyar daji, kullum ma idan kana bin bayan wasu. Ta soso ana wanke ta a shafa mata manta, ta takarda kuwa sauyawa ake yi. A wasu manyan baburan sai an cire robobin jiki ko an ɗaga tanki kafin a kai gare ta, ka tambayi wannan tun kafin saye. Sarƙa kada a cika mata mai, domin mai da rairayi idan sun haɗu sun zama dutsen wasa, su cinye sarƙar da haƙoranta. A goge ta, a sa kaɗan, a share ragowar. Kada kuma a ɗaure ta tamau irin ta ƙaramin babur: mai doguwar shokozoba yana son sarƙa mai sako-sako, gwargwadon abin da littafinsa ya faɗa.

Waɗannan babura ba su da kafireto, famfon lantarki ne a cikin tanki yake tura mai ta ƙananan kafofi. Man kwalba na bakin hanya idan yana da ruwa ko datti, kafireto a kwance shi a busa a wuce, amma famfon nan idan ya mutu a Taskar, sai dai a nemi motar da za ta ɗauko babur ɗin. Ka riƙe mazurari mai matata, ka tace duk man da ba na gidan mai ba. Ba su da kik kuma, batir ya mutu an zauna, tura kilo 250 a rairayi kuwa ba mai iyawa. Lissafin mai ma ya bambanta. Ténéré 700 mai tankin lita 16 yakan yi sama da kilomita 300 a kwalta, a rairayi ka lissafa masa 200, abin da ya ragu riba ce. Tafiya a hankali cikin zafi tana sa lagireto tafasa, ƙarangiya da ciyawa kuma suna toshe shi, a riƙa leƙawa ana cirewa.

Ƙayar aduwa da ta kandili suna huda taya kamar ƙusa, shi ya sa inuwar waɗannan itatuwa ba wurin ajiye babur ba ce, a bar shi a fili a taka da ƙafa. Tayar da ba ta da tiyub ana toshe ta da igiyar faci cikin minti goma ba a cire wili ba. Mai tiyub sai an cire, don haka ka ɗauki ƙarafan cire taya uku, sifanan da ya dace da ƙusar wilinka, faci da gam, da tiyub mai inci 21, wanda idan ta ɓaci yana shiga tayar baya ya kai ka gari a hankali. Ka gwada wannan aikin a gida sau ɗaya, domin tayar babban babur tana da taurin baki.

Da damina, daga Yuli zuwa Satumba, laka tana cusuwa tsakanin tayar gaba da murfinta idan murfin na ƙasa ne, har tayar ta daina juyawa. Ƙorama mai gudu kuwa a fara shiga da ƙafa a auna, idan ruwan ya kai gwiwa yana ja, a jira ya sauka. Kafin ka nufi gabas mai nisa ko arewa ka tambayi jandarmomi halin hanya da dokar da ke aiki, domin an taɓa hana hawan babur a jihar Diffa a 2015 saboda tsaro. Ku tafi babura biyu aƙalla, kowa da ruwan sha lita biyar zuwa shida na yini, wani a gida kuma ya san hanyar da kuka bi da lokacin da ya kamata ku iso.