Fitilar hoto da kwalbar Bama

Jama'a, masu son yin fitilar hoto don kyautar biki ko ƙawata tebur, kada ku wanke hoton a situdiyo. Ku buga shi a farar takarda ta shagon fotokwafi, sannan ku shafa wa bayanta man gyaɗa kaɗan da auduga.

Takardar situdiyo kauri gare ta, haske ba ya ratsa ta. Ita kuwa wannan, da ta sha mai sai ta zama shara-shara, fuska ta fito raɗau idan an kunna kyandir.

Ku goge rarar man da tsumma, ku bar ta ta kwana. Sai ku naɗe ta a BAYAN kwalbar, kyandir a ciki, ba murfi. Gefen da za ku manna kada mai ya taɓa shi, salatif ba ya kama wuri mai maiƙo. Ni sai da na ɓata takarda biyu kafin na gane.

Hoto mai duhu ba ya yi, baƙi ƙirin zai fito. Dogon kyandir ma a yanke shi, harshen wutar ya tsaya ƙasa da bakin kwalba. In akwai yara a wurin, ku sa ƙaramin kyandir mai batir.