Yadda za ka fara sharhin fim har ka kai ga zaɓar wa biki finafinai

Fara da littafin rubutu. Ni ba na rubutu a kan fim sai na kalle shi sau biyu: na farko in saki jiki ya tafi da ni, na biyu da biro a hannu. A nan nake duba inda aka girke kyamara, inda mai tacewa ya yanke, da ko waƙar da aka saka ta tura labarin gaba ko don kasuwa kawai aka cusa ta.

Abin da ke damuna da sharhin matasanmu a Facebook shi ne zayyano labari tun daga farko har ƙarshe, a rufe da "jarumi ya yi ƙoƙari". Ina dalilin? In ka ce kukan uwar bai taɓa ka ba, nuna mini fitowar, ka gaya mini ko kiɗa ne ya rufe muryarta, ko darakta ne ya yi gaggawa. Kuma kada ka karɓi ko sisin furodusa. Masu karatu suna ganewa, wallahi.

Kallon Kannywood da na Indiya kaɗai ba zai ishe ka ba. Bikin finafinan Afirka na FESPACO da ke Wagadugu, Burkina Faso, tun 1969 ake yin sa, yanzu duk bayan shekara biyu, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda. Nemi aikinsa ka kalla.

Rubutun nan shi zai buɗe maka ƙofar zaɓar finafinan da za a nuna a biki. Tattara mafi kyawu ka aika wa masu shirya bikin finafinai, kamar bikin Zuma na Abuja, ka nemi aikin tantancewar farko ko da na sa-kai ne. Za a jibga maka finafinai, yawanci ta FilmFreeway, shafin intanet da masu fim ke aika wa bukukuwa finafinansu, ka rubuta wa kowanne hukunci a layi uku.

Jadawalin nuna finafinai ne ke kayar da sababbi. Kada ka fara dogon fim dab da magariba, zauren zai watse. Gajerun finafinai haɗa su kada su wuce minti 90, kuma kada ka jera masu ban tausayi a jere. Karɓi izinin mai fim a rubuce. In a Kano ne, tuntuɓi hukumar tace finafinai da wuri. Gwada kowane fayil a majigin zauren tun jajibiri, har da fassarar ƙasan allo, sannan ka leƙa tankin janareto da idonka.